Albert Einstein: Masanin da ya gano ƙwayoyin haske, ƙiyayyar 'yan Nazi ta raba shi da ƙasarsa

Duk wanda ya ɗaga wayar salula ya ɗauki hoto yana cin gajiyar wata maƙala da aka buga a 1905, wadda wani matashi mai shekara 26, ma'aikaci a ofishin rajistar ƙere-ƙere na birnin Bern a Suwizalan, ya rubuta. Duniya ta fi sanin Albert Einstein da nazarinsa a kan lokaci da sarari, amma bayaninsa a kan haske ne aka ambata da suna lokacin da aka ba shi kyautar Nobel.

An haife shi ranar 14 ga Maris, 1879, a garin Ulm na kudancin Jamus, cikin iyalin Yahudawa. A Munich ya tashi, inda mahaifinsa da baffansa ke sana'ar kayan lantarki. Tsaurin makarantun Jamus na wancan zamani bai yi masa ba, ya koma Suwizalan, ya kammala karatu a Zurich a 1900. Sai da ya yi kusan shekara biyu yana fafutukar neman aiki kafin ya samu gurbi a ofishin na Bern a 1902.

A shekarar ce wani Bajamushe masanin fiziks, Philipp Lenard, ya bayyana sakamakon gwajin da ya ɗaure wa masana kai. Idan haske ya faɗa kan ƙarfe, yakan fizgo ƙwayoyin lantarki, wato ilektoron. Ƙara ƙarfin hasken na ƙara yawan waɗanda ke fitowa, amma ba ya ƙara wa kowannensu kuzari. Einstein ya ce dalili shi ne haske na zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kowace da ma'aunin kuzarinta gwargwadon launinta, kuma ƙwaya guda ilektoron guda take fizgowa. Manyan masana sun ƙi yarda. Ba'amurke Robert Millikan ya shafe shekaru yana gwaji da zaton zai rushe wannan ra'ayi, sai ga shi a 1916 alƙalumansa sun gaskata lissafin Einstein. An ba Einstein kyautar Nobel ta 1921 a shekarar da ta biyo baya.

A kan wannan tushe aka gina idon kyamarar zamani. A 1969 Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro na'urar silikon mai tara hasken hoto a ɗakunan bincike na Bell a Amurka. Idon kyamarar waya a yau ya ƙunshi miliyoyin ƙananan gurabe da ake kira fiksel. Kowane fiksel tamkar mazubi ne da aka tara wa ruwan sama: ƙwayar haske ta faɗo, ilektoron ya kuɓuce, mazubin ya adana shi, sannan a auna abin da ya taru.

A nan masu ƙera kyamara ke fuskantar zaɓi mai wuya. Ƙaramin ƙoƙo na nuna ko ɗigo kaɗan ne, don haka yana kama hoto a duhu, amma da rana ta buɗe sai ya cika ya tumbatsa, wurin ya fito fari fat ba a ganin komai. Babbar randa ba ta saurin cika, sai dai 'yan ɗigon da ke gindinta kan ɓace cikin hayaniyar lantarki. Dabarun da ake bi sun haɗa da ba fiksel ma'auni biyu da yake sauyawa tsakaninsu, ko a haɗa masa ƙarin ma'aji a gefe wanda zai karɓi rarar da ta malalo, ko a jera babban fiksel da ƙarami wuri guda. Wannan ne ke yanke ko hoton takardar sakamakon zaɓe da aka ɗauka da dare a hasken tocila zai karantu ko ba zai karantu ba.

Lenard, wanda gwajinsa ya share wa Einstein hanya, shi ne ya zama babban abokin gabarsa. Tun daga 1920 ya fito fili yana sukarsa, daga baya ya rungumi aƙidar Nazi, yana raba ilimi gida biyu: na Jamusawa da na Yahudawa. Lokacin da Hitler ya hau mulki a 1933 Einstein yana Amurka. Ya ajiye kujerarsa a majalisar masana ta Berlin, gwamnati ta ƙwace dukiyarsa, bai sake taka ƙasar Jamus ba. Ya zauna a Princeton har ƙarshen rayuwarsa.

Gudun hijira bai sa ya kame bakinsa ba. A 1939 ya sa hannu a wasiƙar da ta gargaɗi Shugaba Roosevelt cewa Jamus na iya ƙera bam ɗin nukiliya, matakin da ya yi nadamarsa daga baya, ko da yake ba a sa shi cikin aikin ƙera bam ɗin ba. A 1946 ya yi jawabi a Jami'ar Lincoln, ta baƙaƙen fata, inda ya la'anci wariyar launin fata. A 1951 ya nuna aniyar tsayawa shaida ga W.E.B. Du Bois a kotu. Hukumar FBI ta tara bayanai a kansa fiye da shafi 1,400. A 1952 aka yi masa tayin shugabancin Isra'ila, ya ƙi karɓa.

Ya rasu ranar 18 ga Afrilu, 1955, yana da shekara 76, 'yan kwanaki bayan ya sa hannu a sanarwar da ya yi tare da Bertrand Russell, mai kira ga shugabannin duniya su guji yaƙin nukiliya.