ANDREI MARKOV, MALAMIN LISSAFI NA ƘASAR RASHA

Kowane manomi na Bomo ya san ruwan sama ba ya zuwa shi kaɗai. In an yi ruwa yau, an fi sa rai da wani gobe, in kuwa fari ya kama, ya kan ja kwanaki a jere. Maƙwabtansu masu binciken aikin gona a Samaru suna da hanyar auna wannan hali da alƙalami, wanda ya shimfiɗa hanyar kuwa wani malami ne mutumin Rasha, Andrei Markov. Shi ne za mu ba masu karatu labarinsa yau.

An haife shi a garin Ryazan ran 14 ga Yuni, 1856. Ubansa ma'aikacin gandun daji ne, daga baya ya ƙaura da iyalinsa zuwa Fitasbag, babban birnin Rasha na lokacin. Yaron ya tashi da ciwon gwiwa, da sanda ya ke tafiya har ya shekara 10, sa'an nan aka yi masa aiki. A makaranta bai yi fice a kome ba sai lissafi. Cikin 1874 ya shiga Jami'ar Fitasbag, ya zauna gaban shahararren malamin nan Chebyshev, ya fita cikin 1878 da lambar zinariya. Nan ya kama koyarwa, ya yi aure cikin 1883, cikin 1896 kuwa ya zama cikakken wakili a Majalisar Masana ta Rasha. Littafinsa na lissafin yiwuwa, watau ilmin auna abin da zai iya faruwa ko ya ƙi faruwa, ya fito cikin 1900.

Babban aikinsa gardama ce ta haife shi. Tun 1713 aka buga littafin Bernoulli, wani malamin Suwizalan, mai nuna cewa in ka yi ta jefa kwabo sama, ba ka san fuskar da za ta fito a jifa ɗaya ba, amma in jifa ya yi yawa kowace fuska za ta tashi da kusan rabi. To, jifan kwabo ba ruwan na yanzu da na ɗazu. Sai cikin 1902 wani malami na Mosko, Nekrasov, ya ce wannan doka ba ta tsayawa sai in al'amura ba su rataya da juna ba, har ya nemi ya kafa hujja da ita a kan cewa mutum shi ke da zaɓin aikinsa. Markov ya ga an ɗora wa lissafi kayan da ba nasa ba. Maimakon dogon surutu, cikin 1906 ya fito da hujja cewa ko da kowane al'amari ya rataya da wanda ya gabace shi, kamar zoben sarƙa, rabonsu ya kan zauna wuri ɗaya in tafiya ta yi nisa. Wannan shi a ke kira sarƙar Markov.

Bari mu kawo misali, alƙaluman namu ne don bayani kawai. A ce in an yi ruwa yau, sau 6 cikin 10 a kan yi gobe, in ba a yi ba, sau 2 cikin 10 kaɗai. Mu ɗauki kwana 300, na ruwa 100, na rashinsa 200. Kwanakin ruwa 100 za su haifi 60 na ruwa a washegarinsu, na rashi 200 za su haifi 40. An tashi da 100 ke nan, yadda aka fara. Wannan rabo, ɗaya cikin uku, shi ne zaunannen rabo. Abin mamaki, ko da ruwa aka fara ko da fari, in kwanaki suka yi yawa nan lissafi zai komo, an manta mafari. Amma akwai sharaɗi. Dole ya zama ana iya fita daga kowane hali a shiga ɗaya, kuma alƙaluman nan 6 da 2 su tsaya ba su sāke ba.

Markov bai yarda ya bar magana a kan allo ba. Ya ɗauki littafin waƙar Pushkin mai suna Eugene Onegin, ya ƙirga haruffa 20,000 na farkonsa da hannu, ba na'ura, ya ware wasali da baƙi. Ya sami wasula 8,638, baƙaƙe 11,362. Ya ga bayan wasali, wani wasali ya kan biyo kamar sau 13 cikin 100, bayan baƙi kuwa kamar sau 66 cikin 100. Wanda ya yi lissafi da waɗannan biyu yadda muka yi na ruwa, zai ga rabon wasali ya zauna a kan 43 cikin 100, daidai da abin da ƙirga ta bayar. Ya karanta wannan bincike gaban Majalisar Masana cikin Janairu, 1913.

Mutum ne mai taurin kai a kan abin da ya ga gaskiya. Cikin 1902, da Sarkin Rasha ya sa aka soke zaɓen marubucin nan Gorky a Majalisar Masana, Markov ya rubuta ƙin yardarsa. Cikin 1908, da hukuma ta umurci malamai su riƙa sa ido a kan ɗalibai, ya rubuta ya ce shi malamin lissafi ne, ba ɗan sanda ba. Cikin 1913, ana bikin cikar gidan sarautar Romanov shekara 300, shi sai ya shirya taron cikar dokar Bernoulli shekara 200. Cikin 1917, shekarar juyin mulki, ya tafi wani ƙaramin gari, Zaraisk, ya koyar da 'yan makaranta lissafi ba albashi. Ya rasu a birnin da ya yi aikinsa ran 20 ga Yuli, 1922, yana da shekara 66. Ya bar ɗa mai sunansa, wanda shi ma ya zama babban malamin lissafi.

A shekarar nan ta 1922 aka kafa sashen binciken aikin gona na Lardunan Arewa, wanda ya zauna a Samaru, ya shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962. Tun shekarun 1920 ma'aikata su ke rubuta ruwan da ya sauka a Samaru kowace rana. Cikin shekarun 1980 malaman Jami'ar Reading ta Ingila suka yi aiki da irin waɗannan littattafan ruwa na Afirka ta Yamma, har da na Samaru, suka ɗora su a kan sarƙar Markov. Da ya ke halin sama na watan Mayu ba ɗaya ba ne da na Agusta, sai suka bar alƙaluman su riƙa sākewa yadda damina ke tafiya. Da haka a kan ƙiyasta haɗarin samun fari na kwana goma bayan shuka, wanda shi ne ke kashe gero da dawa tun suna tsiro, ya sa talaka asarar iri. Har wa yau da wannan lissafi a ke auna tsawon layin masu jira a asibiti, da yawan layukan da gidan waya ke bukata.

Sarƙar Markov ba ta faɗa wa manomi ko za a yi ruwa gobe, wannan sanin na Allah ne. Abin da ta ke faɗa masa shi ne, cikin damina goma, sau nawa shukar wuri za ta tsira, sau nawa za ta ƙone. Muna jan hankalin 'yan makarantarmu, da ma'aikatan da ke duba ma'aunin ruwa kowace safiya, kada su rena ƙirga. Haruffa 20,000 ɗaya bayan ɗaya aka ƙirga su.