LARRY BURROWS, MAI HOTON YAƘIN BIYETNAM (1926-1971)

An haifi Larry Burrows a birnin Landan na ƙasar Ingila cikin shekarar 1926. Yana da shekara 16 ya shiga aiki a ofishin mujallar Life ta Amurka da ke Landan, inda ya koyi wankin hoto tun bai fara ɗauka ba.

A shekarar 1962 mujallar ta tura shi Biyetnam. Lokacin nan mahukuntan Amurka suna tabbatar wa jama'arsu cewa nasara tana kusa, shi kansa Burrows kuwa ya yarda da dalilin yaƙin. Amma bai zauna birnin Saigon yana jiran sanarwar hukuma ba. Ya bi sojoji cikin daji da taɓo, yana kwana inda suka kwana.

Ranar 31 ga Maris 1965 ya shiga wani jirgi mai saukar ungulu kusa da Da Nang. Aka yi musu ruwan harsashi, wani matuƙi da suka ɗauko da rauni ya cika a cikin jirgin. Burrows ya ɗauki abin da ya gudana daki-daki, har zuwa inda saurayin soja James Farley ya keɓe kansa yana kuka. Da hotunan suka fito cikin watan Afrilu, iyaye a Amurka suka ga ƴaƴansu cikin halin da jawabin gwamnati bai taɓa faɗa musu ba.

Yawancin aikinsa hoto ne mai launi, saboda haka jini ya fito da jansa. A 1968 ya nuna wa duniya wata yarinya, Tron, wadda harbin jirgin Amurka ya raba ta da ƙafa guda. A 1969 ya fitar da jerin hotuna da suka bayyana yadda zuciyarsa ta sanyaya game da yaƙin. Hotuna irin nasa suna cikin abubuwan da suka sa talakawan Amurka suka daina gaskata shugabanninsu.

Ranar 10 ga Fabrairu 1971 aka harbo jirgin da yake ciki a ƙasar Lawos. Ya mutu tare da ƴan uwansa masu hoto uku, cikinsu har da Bafaranshe Henri Huet. Yaƙin ya ƙare a 1975, bayan Amurka ta yi hasarar sojoji fiye da 58.000.

Gani ya kori ji. Hukumar da ta ɓoye wa jama'arta gaskiya, ranar da suka gani da idonsu, ko ta faɗi gaskiya ba mai saurarenta.