Macias Nguema: Shugaban da Ya Tsani Masu Ilimi

An haifi Francisco Macias Nguema a 1924, lokacin da Sifaniya ke mulkin ƙasar Ikwatoriyal Gini. Sau uku yana faɗuwa jarrabawar shiga aikin gwamnati. Ya yi tafinta a kotu, daga baya ya zama magajin garin Mongomo. Mutum ne mai baki, kuma da bakin nan ya lashe zaɓen 1968. Ranar 12 ga Oktoba ƙasar ta sami 'yancin kai, shi ne shugabanta na farko.

Wani masanin halayyar ɗan Adam daga Kanada, Robert Hare, ya tsara ma'auni mai alamomi 20 da ake auna miyagun fursunoni da shi. Cikin alamomin akwai zaƙin baki, ji da kai, ƙarya, rashin tausayi da rashin nadama. Ku riƙe su a rai, 'yan uwa ɗalibai, ku auna su da abin da Macias ya aikata.

Cikin shekara guda, abokin takararsa Bonifacio Ondo Edu da ministansa na harkokin waje Atanasio Ndongo duk sun mutu a tsare. A 1972 ya naɗa kansa shugaba na har abada, sannan ya laƙaba wa tsibirin Fernando Po sunansa.

Amma babu waɗanda ya tsana kamar 'yan boko, wataƙila tabon jarrabawar nan bai warke ba. Ya rufe makarantu masu zaman kansu, malamai da yawa aka kashe su ko suka tsere. Da ya ga mutane na gudu ta teku, sai ya sa aka lalata kwalekwale, masunta suka rasa abin yi. Ya kwashe kuɗin baitulmali ya kai ƙauyensu. Kusan kashi ɗaya bisa uku na jama'ar ƙasar suka yi gudun hijira. Dubban 'yan Nijeriya masu aikin gonakin koko ma sai da gwamnatinmu ta kwaso su gida a 1976.

Ranar 3 ga Agusta 1979 wani na jikinsa, Teodoro Obiang, ya kifar da shi. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa, amma sojojin ƙasar na tsoron asirinsa. Sojojin Maroko ne suka harbe shi ranar 29 ga Satumba 1979.