Shafi'u Ahmad Shaikh: ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi minista ƙasa da wata huɗu

Ranar da na fara jin sunan Shafi'u Ahmad Shaikh ita ce ranar da aka ce an rataye shi. A ƙarshen watan Yuli ne na 1971, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, damina ta kankama. Muna zaune a kambonmu da ke bakin tur'a tsakanin Wad Madani da Hasahisa, manya sun kewaye rediyon mai shago suna sauraren Umdurman. Babana, Allah ya jiƙansa, bai ce uffan ba sai da muka koma gida. A nan ya shaida wa mahaifiyata cewa an kashe mutumin da ya sa hukuma ta san lebura ma mutum ne, sai dai shi ɗin bai taɓa sanin hanyar kambo ba. Na daɗe ban gane maganar ba.

An haifi Shafi'u a 1924 a yankin Shandi. Ya yi makarantar koyon sana'a ta Atbara, daga nan ya kama aiki a sikka hadid. Atbara ta wancan zamani garin ƙarfe ce da wuta: a nan hedikwatar jirgin ƙasa take, a nan dubban ma'aikata suke kwana suna tashi da ƙarar usur, Bature yana sama, ɗan ƙasa yana ƙasa. A 1946 ma'aikatan suka kafa ƙungiyar kula da al'amuransu, Turawa suka ƙi amincewa da ita, sai da aka yi yajin aiki a Yulin 1947 jirage suka tsaya cik. Shekara ta zagayo aka fito da dokar ƙungiyoyin ƙwadago. Da aka kafa tarayyar ƙungiyoyin ma'aikatan Sudan a 1950, Shafi'u ne ya zama babban sakatarenta, yana da shekara 26 kacal. A 1957 kuma aka zaɓe shi mataimakin shugaban tarayyar ƙungiyoyin ƙwadago ta duniya, wadda ke ɓangaren Tarayyar Sobiyet.

To, gara in faɗa tun yanzu: Shafi'u ɗan jam'iyyar kwaminis ne, shuyu'i kamar yadda muke cewa, kuma jigo a cikinta. Aƙidar ba tawa ba ce, ba kuma ta gidanmu ba ce. Amma yawancin ma'aikatan da suka bi shi masallata ne, ba littafin Markis suka karanta ba. Albashi suka gani ya ƙaru, awoyin aiki suka ga an ƙayyade, suka ga mutumin da ba ya sayar da su in ya shiga ofis.

Janar Ibrahim Abbud ya karɓi mulki ranar 17 ga Nuwamba 1958, ya rushe ƙungiyoyin ƙwadago, kotun soja ta yanke wa Shafi'u ɗaurin shekara biyar. Mulkin Abbud ya kai har daren 21 ga Oktoba 1964, lokacin da 'yan sanda suka harbe ɗalibi Ahmad Al-Ƙurashi a Jami'ar Khartum. Kafin mako ya cika ƙasa ta tsaya: alƙalai, likitoci, malaman makaranta, ma'aikatan jirgi, kowa ya ajiye aiki. Sojoji suka sauka.

A nan ne aka yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Aka ba Sirrul Khatim Al-Khalifa, malamin makaranta da ba shi da jam'iyya, ya kafa gwamnatin riƙon ƙwarya a ƙarshen Oktoba. Ku dubi yadda aka raba kujerun. Jam'iyyu biyar, kowacce kujera ɗaya tak: Umma ta ba da Muhammad Ahmad Mahjub ya riƙe harkokin waje, Al-Waɗanil Ittihadi ta ba da Mubarak Zarruƙ a ma'aikatar kuɗi, Sha'abud Dimuƙraɗi kujera ɗaya, Ikhwan kujera ɗaya, kwaminis ma kujera ɗaya, ta Ahmad Sulaiman. 'Yan Kudu biyu, cikinsu har da Clement Mboro da aka damƙa wa harkokin cikin gida, abin da ba a taɓa yi ba. Sauran kujeru bakwai kuwa na Jabhatul Hai'at ne, gamayyar ƙungiyoyin da suka yi yajin. Ansar da Khatmiyya, masu dubban mabiya, kowa da kujerarsa ɗaya, ƙungiyoyi na da bakwai! A cikin bakwai ɗin nan aka ware ɗaya ta ma'aikata, Shafi'u ya hau. Aka ware ɗaya ta manoma, aka ba Shaikh Al-Amin Muhammad Al-Amin, shugaban ƙungiyar manoman Jazira, ya zama ministan lafiya. Shi ma ɗan ɓangaren hagu ne. Jam'iyyar da aka ce tana da kujera ɗaya, in aka ƙirga da kyau, muryarta ta fi ta kowa ƙarfi a zauren.

Ma'aikacin jirgi da manomin auduga a teburin ministoci, wallahi ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da mulki ya saba zagayawa tsakanin 'ya'yan manyan gidaje da hafsoshin soja. Ina ba Shafi'u wannan, ba na tauye masa.

Amma wane manomi? Ƙungiyar manoman Jazira ta masu hawasha ce, waɗanda sunansu ke cikin littafin mashru'u a Barakat, waɗanda ake raba kuɗin auduga da su. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 ruwa ya shiga gonaki, hannun da ke shema da tsinkar auduga mafi yawansa na wasu ne: Hausawa, Fulani, Barebari, mutanen Darfur da na Chadi, mazauna kambo. Wasu daga cikin kakanninmu sun sami hawasha a shekarun 1930, lokacin da farashin auduga ya faɗi masu ita suka gudu suka bar ta, daga baya ƙofa ta rufe. Babana a hawashar wani ya ƙare ƙarfinsa, ana auna masa auduga da yamma, in an rage masa awo ba shi da wurin kai ƙara. Ministan manoma, in za a faɗi gaskiya, ministan mai gidan babana ne. Tarayyar da Shafi'u ke jagoranta kuwa ta masu albashin wata ce, 'yan jirgi da tashar ruwa da masana'antu. Leburan gona da ke aiki kaka zuwa kaka bai shiga lissafinta ba.

Ga kuma maganar jinsiyya. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai wanda kakanninsa na wajen uba ke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Mutanen Sarkin Musulmi Attahiru kuwa bayan yaƙin Burmi na 1903 suka taso, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garinsa a bakin Shuɗin Nilu bayan haka. Kun ga da 'yan shekaru kaɗan aka bar mu a waje. Wanda ba shi da takarda ba ya ƙuri'a, ba ya hawasha, balle a yi maganar kujera. Gamayyar ƙungiyoyin ta nemi a ware wa ma'aikata da manoma rabin kujerun majalisar dokoki, amma ko da an ba su, ban ga ta inda ɗan kambo zai shiga ba.

Ba a ma ba su ba. Manyan jam'iyyu suka ga ana shirin cin tuwo ba da su ba, aka cika Khartum da Ansar daga karkara, Sirrul Khatim ya yi murabus ranar 18 ga Fabrairu 1965, ya sake kafa majalisa wadda jam'iyyu suka mamaye. Ministancin Shafi'u bai cika wata huɗu ba. A zaɓen wannan shekara kwaminis da magoya bayansu suka ci kujeru 11 cikin 15 na mazaɓun 'yan boko, cikinsu akwai Fatima Ahmad Ibrahim, mace ta farko a majalisar Sudan, wadda ta zama matar Shafi'u. Kafin shekara ta ƙare wani ɗalibi ya yi mummunar magana a kan iyalan gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a wani taro a Umdurman. Jama'a suka fusata, kuma da haƙƙinsu. Aka jingina laifin ga jam'iyyar, aka haramta ta, aka kori wakilanta daga majalisa. Kotu ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki, gwamnati ta yi kunnen ƙashi.

Da Ja'afar Numairi ya yi juyin mulki ranar 25 ga Mayu 1969, sai ga 'yan hagu sun dawo teburin ministoci a ƙarƙashin Babikir Awadallah: Joseph Garang, Faruƙ Abu Isa, Mahjub Usman. Tarayyar ma'aikata ta fito titi ta mara wa sabon mulkin baya. A ganina nan ne babban kuskuren Shafi'u da abokansa. Kujerun Oktoba yajin aiki ne ya kawo su, na Mayu kuwa soja ne ya bayar da hannunsa, kuma mai bayarwa shi ne mai karɓewa. A 1970 Mosko ta ba Shafi'u lambar Lenin ta zaman lafiya. A Nuwamban shekarar Numairi ya kori Hashim Al-Aɗa da Babikir An-Nur da Faruƙ Hamadallah daga majalisar juyin juya hali.

Ranar 19 ga Yuli 1971 Hashim Al-Aɗa ya ƙwace mulki, kwana uku ya yi. Libiya ta tilasta wa jirgin da ya ɗauko Babikir da Faruƙ daga Landan sauka, ta miƙa su. Numairi ya dawo ranar 22, kotunan soja suka zauna a barikin Shajara. Shafi'u farar hula ne, ba shi da bindiga ba shi da runduna, amma shari'arsa ba ta ɗauki lokaci ba. Aka rataye shi a kurkukun Kobar yana da shekara 47, a makon da aka rataye Joseph Garang da sakataren jam'iyya Abdul Khaliƙ Mahjub. Ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasashe da dama sun roƙa a bar shi da rai, ba a saurare su ba.

An tsare Fatima sama da shekara biyu, ga ƙaramin yaro a hannu, ba a kuma ba ta gawar mijinta ba. Ta rasu a Landan a 2017. Dokar jinsiyya ta 1994 ta sauko da shekarar sharaɗi zuwa 1 ga Janairu 1956, amma babana bai kai lokacin ba. A maƙabartar da ke bayan tur'a muka binne shi, a filin da har yau ba a rubuta shi da sunan kambonmu ba.