Cicely Saunders: Matar da ta koya wa likitoci tarar raɗaɗi kafin ya taso

A asibitocin Ingila na shekarun 1940, da zarar likita ya tabbatar ciwon daji ya ci ƙarfin majinyaci, sai ya rage leƙa gadonsa. Maganin raɗaɗi kuwa ba a bayar da shi sai mutum ya kai ga kururuwa, saboda tsoron kada ya kamu da jarabar ƙwaya. Cicely Saunders ce ta sauya wannan al'ada, kuma da hujjojin bincike ta sauya ta.

An haife ta ranar 22 ga Yuni, 1918, a Barnet da ke arewa da Landan, cikin gida mai wadata. Ta shiga Jami'ar Oxford a 1938, amma Yaƙin Duniya na Biyu ya sa ta ajiye karatun ta koyi aikin jinya a Asibitin St Thomas. Ciwon baya ya raba ta da wannan aiki, sai ta koma karatu, ta fito a matsayin jami'ar kula da jin daɗin marasa lafiya a 1947.

A bakin wannan aiki ta haɗu da David Tasma, wani Bayahude ɗan ƙasar Poland mai shekara 40, wanda ciwon daji ya kwantar ba tare da dangi a kusa ba. Ta riƙa ziyartarsa suna tattauna irin wurin da ya dace da mutumin da ajalinsa ya kusa. Da ya rasu a 1948, ya bar mata fam 500 domin a kafa irin wannan wuri. Sai da aka shekara 19 kafin burin ya cika.

Wani likitan tiyata, Norman Barrett, ya ba ta shawarar ta karanta likitanci, domin likitoci ba za su saurari wanda ba nasu ba. Ta fara a 1951 tana da shekara 33, ta kammala a 1957. Shekara guda bayan haka ta fara bincike a gidan jinya na St Joseph da ke Hackney, unguwar talakawa a gabashin Landan.

A can ta ɗabbaƙa dabarar da ta fara gani a gidan jinya na St Luke, inda ta yi aikin sa kai: a ba majinyaci maganin raɗaɗi mai ƙarfi ta baki, a kan ƙa'ida, duk bayan awa huɗu, kafin zafin ya dawo. Ta rubuta bayanan majinyata 1,100, ta kuma naɗi muryoyin wasunsu suna bayyana halin da suke ciki. Bayanan sun nuna cewa idan aka daidaita awon maganin da buƙatar mutum, yana samun sauƙi cikin hayyacinsa, kuma jarabar da ake tsoro ba ta zama matsala ba.

Daga sauraron majinyata ta fito da ra'ayin da ya fi shahara da sunanta, wato raɗaɗi na gaba ɗaya. A fahimtarta, zafin jiki yana haɗe da fargaba, da damuwar iyali da kuɗi, da tambayoyin da suka shafi imani. Tsohon da bashi ko makomar matarsa ke hana shi barci, ƙwaya kaɗai ba za ta wadatar da shi ba.

A 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Sydenham, kudancin Landan, mai gado 54, inda ta haɗa jinya da koyarwa da bincike a wuri guda. A 1969 aka fara bin majinyata har gidajensu. A nan ne Dokta Robert Twycross ya gwada mofin da dayamofin, ya gano cewa idan aka sha su ta baki babu wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu, abin da ya ƙara wa mofin mai araha karɓuwa.

Tasirin aikinta ya bazu. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin matakai uku na maganin raɗaɗin ciwon daji, mai jaddada shan magani ta baki kuma a kan lokaci. A 1987 Birtaniya ta amince da wannan fanni a matsayin ƙwarewa mai zaman kanta a likitanci. Duk da haka, har yau mofin na ƙaranci a ƙasashen Afirka da dama, inda tsofaffi ke ƙare rayuwa cikin zafin da ake iya magancewa.

Saunders ta tsaya tsayin daka wajen adawa da halatta kashe majinyaci da sunan tausayi, tana ganin kyakkyawar kulawa ce amsar wahala. Ta samu kyautar Templeton a 1981. Ciwon daji ya yi ajalinta ranar 14 ga Yuli, 2005, tana da shekara 87, a gidan jinyar da ta kafa da hannunta. A 2010 aka buɗe cibiyar bincike mai ɗauke da sunanta a King's College da ke Landan, inda ake ci gaba da nazarin yadda za a sauƙaƙa wa masu doguwar jinya, musamman tsofaffi.