Sama'ila na Argungu: Sarkin da Kabawa ke tunawa da mashi a hannu

Duk wanda ya shiga Gidan Tarihin Kanta da ke Argungu zai tarar da masu, takubba, kwari da baka da bindigogin gargajiya. Ginin tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, kuma makaman nan su suka fi kowane zane nuna irin zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, wanda aka fi sani da Sama.

Gaba da Sakkwato gado ya yi ta. Tun 1805 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kebbi. An kashe kakansa, Karari, a 1831. Mahaifinsa, Yakubu Nabame, ya yi zaman tsare a Sakkwato, aka sake shi, ya yi tawaye a 1849, shi ma a fagen fama ya rasu.

Sama ya hau gadon sarauta a 1883, bayan sulhun da ake kira Lafiyar Toga ya riga ya wargaje. Ya addabi garuruwan iyakar Gwandu da Sakkwato da hare-hare, har ana cewa ya ci garuruwa kusan 90. Shi ya sa kamanninsa biyu ne a bakin mutane: gwarzon da ya tsare 'yancin Kabawa, da kuma maharin da ya raba talakawan bakin iyaka da gidajensu. Duka biyun gaskiya ne.

A farkon shekarun 1890 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya tara runduna ya nufi Argungu, amma garin bai ciwu ba. Wannan yaƙi har Kano ya shafa. A can ne Tukur, ɗan Sarkin Kano Bello, ya burge Abdurrahman, wanda ya naɗa shi sarki a 1893, naɗin da ya haifar da basasar Kano.

Akwai ɓangaren da masu kirari ba su cika taɓawa ba. Da Turawan Ingila suka iso, Sama bai ɗaga musu mashi ba. Ya karɓe su, sojojinsu suka zauna a Argungu kafin Sakkwato ta faɗi a 1903, sarautar Kabi kuma ta tsira a hannunsa.

Ya rasu a 1915. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu a matsayin baƙo, aka tarbe shi da bikin kamun kifi.