Dokta Walter Oudney: Likitan da bincike ya kawo shi Katagum, ajali ya tsare shi a Murmur

Da safiyar ranar 12 ga Janairun 1824, a wani ƙaramin gari da ake kira Murmur, ba nisa da tsohon birnin Katagum, wani Bature da ciwo ya cinye ya sha gahawa, sannan ya nemi a ɗaura wa raƙuma kaya a kama hanyar Kano. Abokin tafiyarsa, Hugh Clapperton, ya taimaka masa ya sa tufafi, baransa ya tallabe shi ya fito daga tanti. Kafin a ɗora shi bisa raƙumi sai fuskarsa ta sauya. Aka mai da shi ciki, bai daɗe ba rai ya yi halinsa. Sunansa Dokta Walter Oudney, shekarunsa 33.

Yau ƙasar da aka binne shi tana da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a Azare, wadda gwamnatin tarayya ta amince da kafa ta a 2021, ga kuma babban asibitin tarayya da ya riga ta a garin. Duk inda ake horar da likitoci akwai wata tsohuwar tambaya da ba ta gushewa: shin aikin makarantar ya ƙare da ta koya wa ɗalibi gano cuta da rubuta magani, ko kuwa wajibi ne ta koya masa yadda ake nemo sabon sani? Rayuwar Oudney, gajeriya ce ƙwarai, amma tana da abin cewa a kan wannan.

An haife shi a birnin Edinbura na ƙasar Sikotlan a 1790, a gidan talakawa. Bai shiga likitanci ta babbar ƙofa ba. Ya tsinci abin da ya tsinta na ilimin magani, ya samu gurbin mataimakin likita a jirgin yaƙin rundunar ruwan Birtaniya, aka tura shi tekunan gabas, wajen Indiya, kuma a 1814 aka ɗaga shi zuwa cikakken likitan soja. Da yaƙe-yaƙen Napoleon suka ƙare a 1815, gwamnati ta sallami ɗimbin hafsoshin ruwa a kan rabin albashi. Oudney ya koma gida, ya zauna a aji tare da yaran da bai kamata su zama sa'o'insa ba, ya sami digirin likita na Jami'ar Edinbura a 1817. A wancan zamani ba a ba da wannan digiri sai mutum ya rubuta kundi da harshen Latin ya kuma kare shi a gaban malamai.

Da takardar a hannu, hanya a buɗe take: ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya, ya tara kuɗi, ya tsufa cikin rufin asiri. Ya buɗe ɗin kuwa, har aka buga bayanin wasu majinyatansa a mujallar likitocin Edinbura. Sai dai zuciyarsa tana wani wuri. Ya duƙufa kan ilimin sinadarai da na tsirrai da duwatsu, ya shiga ƙungiyar masana halittu ta Wernerian wadda Farfesa Robert Jameson ya kafa a 1808, yana fatan wata rana a ba shi koyar da ilimin tsirrai a jami'a.

Abin da Oudney ya yi wa kansa a waɗannan shekaru, jami'o'in Birtaniya sun mai da shi tsari daga baya. Ɗalibin likita kan dakata a tsakiyar karatunsa, galibi bayan shekara biyu ko uku, ya ware shekara guda a wani sashe na kimiyya, kamar ilimin aikin gaɓoɓin jiki ko na magunguna ko na yaɗuwar cututtuka. A cikinta zai koyi yadda ake tsara tambaya, a tattara bayanai, a auna su, a rubuta sakamako ta yadda wani zai iya bin sawu ya tabbatar ko ya ƙaryata. Idan ya kammala sai a ba shi digirin farko na daban, ya koma ɗakunan majinyata ya ƙarasa likitancinsa. A Edinbura, makarantar Oudney, wannan shekara ta zama dole tun daga 2016: ita ce ta uku cikin shida. Shi bai sami wanda ya tsara masa ba, kuma bai karɓi wata takarda a kai ba. Amma wannan ƙarin ilimi, ba digirin likitan ba, shi ya sa gwamnatin Birtaniya ta zaɓe shi lokacin da take neman wanda za ta aika Borno.

Burin Landan a bayyane yake: a gano inda kogin Kwara yake ƙarewa, a ƙulla ciniki da masarautun da ke kudu da Sahara. Aka tsara Oudney ya zauna a Borno a matsayin wakilin Birtaniya, yana nazarin ƙasar. Shi ya jawo Clapperton, wani hafsan ruwa da suka saba a Edinbura. Daga baya aka ƙaro musu na uku, wani sojan ƙasa mai suna Dixon Denham. A nan aka yi kuskuren da duk wanda ya taɓa aiki a ma'aikata zai gane shi tun daga nesa: takardun umarni ba su fayyace wane ne shugaba ba. Oudney na ganin shi ne, Denham na ganin shi ne, kowa na rubuta wa ofishin jakadanci a Tarabulus ƙorafi a kan ɗan'uwansa. Wannan tsamin dangantaka ya bi su har ƙarshen tafiyar, ya kuma bi sunan Oudney bayan mutuwarsa.

Sun isa Tarabulus a ƙarshen 1821, suka kai Murzuk a ƙasar Fezzan cikin Afrilun 1822, inda rashin rakiya ya tsare su watanni. Denham ya juya arewa don matsa wa Basha Yusuf Karamanli ya cika alkawarin rakiyar. Oudney da Clapperton kuwa suka yi amfani da jiran, suka nufi yamma zuwa Gat, garin Buzaye. Wannan ɗan zagaye shi ne wurin da aka fi ganin Oudney a cikin aikinsa. Ya duba tafkunan da ake ɗibar kanwa, ya bayyana jerin duwatsun hanya, ya tsinki ganyaye ya matse su a takarda. Ya kuma lura da wasu alamomi da aka zana a jikin duwatsu, ya tambayi Buzaye, suka karanta masa, ya kwafi haruffan tare da sautinsu. Rubutun Tifinag ke nan, kuma jerin da ya kwafa yana cikin na farko da suka isa hannun masanan Turai. Babu ruwan wannan da aikin likita. Sabo ne na mutumin da ya koyi cewa abin da ba a rubuta ba, kamar ba a gani ba ne.

A ƙarshen Nuwamban 1822 ayarin ya bar Murzuk ya bi hanyar Bilma. Hanya ce ta fataucin bayi, kuma a bakin wasu rijiyoyi sun tarar da ƙasusuwan mutane birjik, na waɗanda ƙishirwa da gajiya suka kashe ana kora su arewa. Zazzaɓin Murzuk ya riga ya raunana Oudney, tari kuma ya kama shi. Ranar 4 ga Fabrairun 1823 suka hango Tafkin Chadi, ranar 17 ga watan suka shiga Kukawa, fadar Shehu Muhammadu Al-Amin Al-Kanemi. Kusan duk daminar shekarar a kwance ya yi ta. A matsayinsa na likita ya san abin da ke cin ƙirjinsa, alamomin duk na tarin fuka ne, kuma a lokacin ba shi da magani a Kukawa, ba shi da shi a Edinbura. Sai a 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar cutar.

Duk da haka, ranar 14 ga Disamba ya hau doki tare da Clapperton, suka bi ayarin fatake zuwa ƙasar Hausa ta gefen kogin Yobe. Ana iya kiran wannan jarumtaka, ana iya kiransa ganganci. Mai yiwuwa shi ya ga cewa zama ma mutuwa ce, gara ta same shi a kan aiki. Tsakiyar hunturu ce. A ƙasar Bade wani dare sanyi ya yi tsanani har ruwan salka ya daskare. Daga wannan dare jikinsa bai sake tashi ba, shi kansa kuma ya fahimci haka, domin ya yi wa Clapperton wasiyya cewa a miƙa takardunsa ga John Barrow na ma'aikatar sojan ruwa ko ga Farfesa Jameson, in har minista, Lord Bathurst, ya amince. Ko a bakin kabari bai tsallake na gaba da shi ba.

A garuruwan hanya labari kan riga su isa cewa akwai likita a cikin ayarin. Mutane su yi dafifi: mata masu neman haihuwa, maza masu kukan rauni, da waɗanda lafiyarsu ƙalau amma suna son maganin cutar da suke tsoron za ta zo. Yana duba su gwargwadon ƙarfinsa, alhali ya fi yawancinsu buƙatar magani.

Ranar 2 ga Janairun 1824 suka isa Katagum. Garin sabo ne a lokacin, bai cika shekara ashirin da Malam Zaki ya kafa shi ba, kuma shi ne garkuwar daular Sakkwato ta fuskar Borno. Clapperton ya rubuta cewa tun barinsu Tarabulus bai ga gari mai ƙarfin tsaro kamarsa ba, da ganuwa biyu da gwalalo uku, ya kuma ƙiyasta mutanensa tsakanin 7,000 da 8,000. A nan suka fara ganin ana ciniki da kuɗin wuri. Sarki Muhammadu Ɗankauwa ya karɓe su hannu bibbiyu, ya saukar da su, ya wadata su da abinci.

A Katagum ne kuma aka yi wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa. Da tari ya matsa masa, likitan Edinbura ya nemi a kira wanzami ya yi masa ƙaho a ƙirji. Aka tsaga fata da aska, aka kafa ƙahon, aka zuƙe iska, aka toshe hujin. Clapperton ya yaba da gwanintar hannun. Kada mai karatu ya ɗauka wannan saduda ce ta wanda dabara ta ƙare masa. Likitocin Turai na wancan zamani su ma suna zubar da jini da kofin gilashi a kan irin wannan ciwo, saboda haka abin da wanzamin Katagum ya yi shi ne abin da malaman Oudney za su yi masa. Ratar da ke tsakanin asibiti da zauren wanzami a yau ba ta wanzu a 1824 ba. Bincike ne ya buɗe ta daga baya, a hannun mutanen da suka riƙa ƙirga wanda ya warke da wanda bai warke ba.

Ƙahon bai tsai da ciwon ba. Ranar 10 ga wata suka bar Katagum, an haɗa masa wani gadon itace bisa raƙumi domin ba ya iya zaman sirdi. Washegari suka tsaya a Murmur. Bayan rasuwarsa aka haƙa kabari a gindin wata tsohuwar itaciya kusa da ƙofar gari ta kudu, Clapperton ya karanta addu'ar addininsu, aka kewaye wurin da katangar ƙasa saboda namun daji, aka yanka tumaki biyu aka raba wa mabuƙata. Clapperton ya wuce, ya shiga Kano ranar 20 ga Janairu, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato cikin Maris. Da ya biyo ta Murmur a hanyar dawowa ya tarar an rushe katangar. Mai garin ya ce wani ayarin Larabawa ne ya yi, amma Clapperton ya zabga masa bulalar doki, ya tilasta a sake ginawa. Baƙo ne a ƙasar mutane, kuma wannan ɗaga hannu ya yi kama da share fagen abin da ya zo a 1903, shekarar da Katagum ta shiga hannun Turawa.

Littafin tafiyar ya fito a Landan a 1826, alƙalami kuma yana hannun Denham. Ya ba kansa kaso mafi tsoka, ya nuna cewa takardun Oudney ba su da abin kirki, in ban da labarin zuwa Gat da wasu 'yan bayanai da aka watsa a gindin shafuka. Masanin tarihi E. W. Bovill, wanda ya sake tace takardun tafiyar a shekarun 1960, bai yi wa Denham sassauci a kan wannan ba. Gaskiya ne kuma ciwo ya hana Oudney mai da guntayen rubutunsa cikakken bayani.

Abin da Denham bai iya taɓawa ba shi ne akwatunan samfur. Busassun tsirrai kimanin iri 300, waɗanda yawancinsu Oudney ya tara, sun isa hannun Robert Brown, babban masanin tsirrai na zamanin, duwatsun kuma aka kai wa Charles König na gidan tarihin Birtaniya. A ƙarin bayanin da Brown ya rubuta wa littafin, ya raɗa wa wani tsiron hamada ɗan dangin kabeji suna Oudneya africana. A cikinsa ne kuma ya fitar da sunan Parkia, don tunawa da Mungo Park, ga dangin itacen da Bahaushe ya sani da ɗorawa, har ya bayyana yadda ake sarrafa ƙwayarta ta zama daddawa. Da wannan suna ɗaliban kimiyya a Azare da Gadau suke rubuta ɗorawa a kundinsu har yau.

A 1916 aka mai da fadar masarautar Azare, tsohon Katagum ya zama hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zaki a zamaninmu. Clapperton ya sake dawowa ta bakin teku, ya rasu a kusa da Sakkwato a 1827. Denham ya zama gwamnan Saliyo, zazzaɓi ya kashe shi a can a 1828. Bakin kogin Kwara da aka aiko su nema, Richard Lander, baran Clapperton, shi da ƙanensa John suka kai gare shi a 1830.